Sauraron faɗuwar taurari da rediyo: tambayoyin da ake yawan yi mini a Damagaram

Tun ranar da na kafa wancan ƙarfen, wato eriyar sauraron faɗuwar taurari, a saman soronmu tambaya ba ta yanke ba, wasu a fada wajen shayi, wasu ta WhatsApp, har dattawan unguwa da ƴan lakkol. To ga su na tara wuri guda. Wanda bai taɓa jin zancen ba ya fara daga sama, wanda ya riga ya sayi kaya ya sauka ƙasa.

Wai da gaske ana jin faɗuwar tauraro a rediyo?

Da gaske ne, amma ba ƙarar tauraron kake ji ba. Idan abin ya shigo iskar duniya da gudu sai ya ƙone can sama, tsakanin kilomita 80 zuwa 120, kusan kamar a ɗauki hanyar Zinder zuwa Magariya a tsayar da ita tsaye. Wajen ƙonewar yana barin sawu a cikin iska, wani dogon zare na iska mai ɗauke da cajin lantarki, kuma wannan zaren yana mayar da siginar rediyo kamar yadda madubi ke mayar da hasken rana. Sai a samu wata tashar FM da ke can nesa, wadda ko da wasa ba ta kawo nan, siginarta da ta tafi sama ta bugi wannan sawun ta faɗo a kan eriyarka. Rabin sakan, sakan ɗaya, wani lokaci sakan biyar, ka ji murya ko kiɗa tsaf, sai ya ɓace a koma shuuu.

Ranar da na fara ji, bayan sallar asuba ne cikin sanyi, ina lulluɓe da bargo ga rediyo a cinya. Kawai wata mata ta faɗi rabin kalma da turanci irin na kudancin Najeriya, ko ƙarasawa ba ta yi ba ta tafi. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Tauraro ne na gaske yake faɗowa?

A'a. Taurari ranaku ne irin tamu, wasu ma sun fi ta girma, nisa ne ya mayar da su ƙanana. Abin da muke cewa tauraro ya faɗi ɗan ɓurɓushin dutse ne, galibi bai wuce ƙwayar rairayi ba, wanda ya kai ƙwayar gero ma babba ne. Gudu ne ke ba shi wannan hasken, domin suna shigowa da gudun kilomita 11 har zuwa 72 a sakan guda. Mai matsakaicin gudu zai yi daga nan zuwa Mirriya cikin rabin sakan. Yawancinsu tarkace ne da taurari masu wutsiya suka zubar a hanyarsu ta zagaya rana, duk shekara idan duniya ta zo ratsa wurin sai su yi ta zubowa, shi ya sa suke da lokutansu sanannu. Na jera lokutan a amsar da ta yi maganar lokacin saurare.

Ba shi ne shihabin da malamai ke cewa ana jifan shaiɗanu da shi ba? Ya halatta a bibiye shi?

Wani dattijo maƙwabcinmu ne ya fara tare ni da wannan a ƙofar masallaci, ya ce yaro me kake nema a abin da ba a aike ka ba? Na ce Baba, abin da malamai suka karantar a kan gaibu na malamai ne, ni ban sa baki ba. Abin da nake yi ƙirga ne, kamar yadda ake auna ruwan sama da milimita bayan kowa ya san Allah ne ke saukar da shi. Ba duba ba ne kuma ba bokanci ba, babu wanda zai gaya maka gobenka da wannan ƙarfen. Ya yi shiru, ya ce to in an ji na gaba a kira shi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, hakan ya fi.

Me ya sa sai da rediyo, ba ga ido ba?

Ido yana son dare, yana son sama garau babu farin wata. Mu kuma ku duba yadda abin ya zo mana: babban zubin watan Agusta yana faɗowa tsakiyar damina ga hadari, na watan Disamba kuma yana zuwa cikin hunturu lokacin da hazo kan rufe gari har rana ma ka kalle ta kamar faifai. Rediyo bai damu da gajimare ba, bai damu da ƙura ba, kuma da rana tsaka ma yana aiki. Akwai ma zubin da da ƙyar ido ke iya ganin wani abu daga cikinsa saboda da rana yake zuwa, na farkon watan Yuni da ake kira Arietids, a 1947 aka gano shi da na'urorin rediyo na Jodrell Bank a Ingila.

Wane kaya zan nema?

Hanya biyu ce. Ta farko rediyon FM mai nuna lamba a gilashi, ba mai allura ba, saboda dole ka san daidai inda ka tsaya. Rediyon mota tsoho yana da kyau ƙwarai don kunnensa ya fi na ƙananan rediyon hannu kuma yana da ramin sa eriya, ka haɗa shi da batir mai bolt 12 shi ke nan.

Ta biyu ita ce RTL-SDR, wata ƴar na'ura kamar kile ɗin da ake zuba waƙoƙi, asalinta don kallon tele a kwamfuta aka yi ta, sai wajen 2012 masu bincike suka gano ana iya mayar da ita rediyo mai kama daga kusan megahaz 24 har 1700 (megahaz shi ne ma'aunin lambobin da kake gani a gilashin rediyon FM). Ana soka ta a kwamfuta a buɗe manhaja irin SDR# ko SDR++, duk kyauta ne, ko a wayar Android da ƴar igiyar OTG. Amfaninta shi ne ba ji kawai kake ba, kana gani, siginar tana sauka a allo kamar labule kuma duk abin da ya wuce zai bar tabo. Sau da yawa sai an yi saƙo daga Kano ko Yamai ko a yi oda. Amma ni shawarata kar ka jira ta, fara da rediyon da ke hannunka, kuɗinka ka fara zuba shi a eriya.

Na ga a YouTube ana cewa a kama 143.050, na kama kwana biyu babu komai. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mini rai, don ta sa mutane da yawa sun yar da abin suna ganin su ne ba su iya ba. Lambar nan ta wata babbar na'ura ce mai suna GRAVES da ke Faransa kusa da garin Dijon, aikinta sa ido a kan taurarin ɗan Adam, tana watsa sigina mai ƙarfi dare da rana. Turawa sun samu banza, kowa ya juya eriya can. To amma duniya a dunƙule take, abin da ke sama da kilomita 100 ba a hango shi daga wurin da ya wuce kilomita dubu da ɗari ko makamancin haka, ka ninka biyu don ɓangaren mai watsawa da naka, iyakar abin kenan, wajen kilomita 2200. Daga Zinder zuwa Dijon ya haura kilomita 3500. Ko eriyar zinariya ka kafa ba za ta kawo ba. Haka ma ta Beljiyam da ke kan 49.97.

Galibin darussan intanet ƴan Turai ne suka rubuta wa ƴan Turai. Mu a nan tashoshin FM na nesa su ne abin dogaronmu, kuma Alhamdulillahi muna zagaye da su.

To wace tasha zan kama?

Ba tasha za ka kama ba, wuri za ka nema da babu kowa. Ka bi daga 87.5 zuwa 108 a hankali ka rubuta duk lambar da ake jin wani abu, na gari da na Kano ko Katsina ko Maraɗi masu leƙowa wani lokaci. Abin da ya rage, inda shuuu ne zalla kuma ba ya manne da wata tasha mai ƙarfi, nan ne gonarka. Sannan ka bincika a intanet wace babbar tasha ce ke kan wannan lambar a garin da ke tsakanin kilomita 500 zuwa 2000 daga nan. A miƙe, ba ta hanyar mota ba, Abuja wajen 550 ce, Njamena wajen 680, Yamai wajen 740, Legas ta ɗan haura 1000, Wagadugu da Akara sun fi haka kuma duk suna ciki. Kano ta yi kusa da yawa.

Ni na fi juyawa kudu saboda tashoshin Najeriya suna da yawa, har za ka samu lamba ɗaya da tashoshi biyu ko uku a garuruwa daban suke kai, ka ga an ƙara maka ƙofofi. Abu guda da za ka kiyaye, tashar da ka dogara da ita dole ta kasance a kunne. Da yawa suna rufewa tsakar dare su buɗe da asuba, wasu kuma kuran ya ɗauke musu. Idan tashar ta yi shiru ko taurari dubu suka zubo ba abin da za ka ji. Ƙasan zangon, wajen 88 zuwa 92, ya ɗan fi, don can amon ya fi daɗewa.

Yaya zan haɗa eriya da kaina?

Raba 143 da lambar da ka zaɓa, abin da ya fito shi ne tsawon sandar eriyar a mita. Misali a kan 100 zai ba ka mita 1.43, ka yanka biyu, kowane hannu wajen santimita 71, ka bar ɗan tsakani kamar faɗin yatsa kada su taɓa juna. Igiyar eriyar tele ko ta parabol ita za ka yi aiki da ita, zaren tsakiya a hannu ɗaya, saƙar waje a ɗayan. Wannan kaɗai ma yana kamawa.

In kana son ta fi ji, ƙara sanda biyu ta zama irin wadda ake kira Yagi: ɗaya a baya mai tsawon mita 1.50, ɗaya a gaba mai 1.36, tsakanin kowace da ta tsakiya wajen santimita 60, duka a ɗaure a kan katako ko tiyon roba. Ni tiyon alminiyam na samu wajen masu gyaran tsofaffin eriya, na ɗaure da roba ta tayar keke, sandar tsakiyar kuma na dasa ta a kan guntun katakon da ya bushe. Gajeriyar sandar ita ke kallon garin da kake nema, ka ɗan ɗaga bakinta sama kaɗan, kamar digiri 10 zuwa 20, tun da ba tashar kake nufa ba, saman da ke tsakaninku kake nufa. Gwada ta a kwance, gwada ta a tsaye, ka bar ta yadda ta fi. Kuma don Allah da damina in hadari ya haɗo ka cire igiyar daga rediyo ka fitar da ita waje, tsawa ba abin wasa ba ce, kada kuma ka kafa sandar kusa da wayar kuran.

Ta yaya zan san tauraro ne na ji ba wani abu ba?

Alamarsa shigowa farat ɗaya. Babu sallama, yana zuwa da ƙarfinsa gaba ɗaya sannan ya dushe. Ƙananan, waɗanda su ne suka fi yawa, ba sa kai rabin sakan, kamar a ce fit. Manyan suna iya kai sakan biyar, goma, wani lokaci fiye, kuma za ka ji suna rawa suna hawa da sauka saboda iskar can sama tana murɗa sawun.

Masu ruɗa mutum uku ne. Jirgin sama shi ma yana mayar da sigina amma a hankali yake tasowa, ya yi ta kaɗawa, ya sauka a hankali. Walƙiya ƙaras take yi babu murya a ciki. Sai kuma ranakun da yanayi ke buɗe hanya, tashar nesa ta shigo ta zauna minti goma ko awa guda kamar ƴar gari, wannan ba tauraro ba ne, ranar sai dai ka canza lamba ko ka haƙura. Duk abin da ya zo a hankali ko ya zauna, cire shi daga lissafi.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Kullum akwai su, amma asuba ita ce kasuwarsu, wajen ƙarfe 6 na safe sun fi yawa, wajen 6 na yamma sun fi ƙaranci. Dalili, duniya tana gudun kilomita 30 a sakan tana zagaya rana, kuma ɓangaren da gari ke wayewa shi ne goshinta. Wanda ya taɓa hawa kabu-kabu da damina ya san ƙwari a fuska suke bugu ba a ƙeya ba. Mu wannan ya zo mana daidai, ka dawo daga masallaci ka zauna awa ɗaya kafin gari ya tashi.

Manyan zubin shekara kuwa: Quadrantids wajen 3 zuwa 4 ga Janairu, Eta Aquariids wajen 5 zuwa 6 ga Mayu wanda tarkacen tauraruwa mai wutsiya ta Halley ne, Arietids wajen 7 ga Yuni da safe, Perseids 12 zuwa 13 ga Agusta, Orionids wajen 21 ga Oktoba shi ma na Halley, Leonids wajen 17 ga Nuwamba, sai Geminids 13 zuwa 14 ga Disamba. Sabon shiga ya fara da Geminids ko Perseids, a nan ne zai ji abin da zai sa ya ƙi bari.

Na yi komai daidai amma sati guda ban ji ko ɗaya ba.

Kafin ka zargi eriya, zargi gidanka. Ni na yi kusan wata ina fama ashe na'urar da ke juya wutar batirin sola ce ke zuba ƙara a ko'ina, ranar da na kashe ta tabon da ya cika allo ya sauka kamar an share. Cajar waya mai araha, ƙwan fitila na LED, tele, cajar kwamfutar kanta, duk suna yi. Gwaji mai sauƙi: kashe komai na gidan, bar rediyo a kan batir kaɗai, sannan ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya kana saurare. Lokacin da kuran ya ɗauke a unguwa gaba ɗaya ma lokaci ne mai kyau ƙwarai, sama takan yi tsit.

In ba wannan ba, to ko tashar gari mai ƙarfi ce ke toshe kunnen na'urar, sai ka rage ƙarfin karɓa a manhaja ka juya mata gefen eriya, ko kuma lambar da ka zaɓa babu kowa a kanta a can nesan, koma amsar zaɓen tasha ka gwada wata. Wanda ke da hali ya fita bayan gari da batir, ko hanyar Mirriya ko ta Tanut, zai ga bambanci.

Sai na nemi izini?

Sauraron FM sauraron rediyo ne kamar na kowa, ba ka watsa komai. Watsawa ita ce ke buƙatar lasisi daga hukuma, kuma wannan aikin babu watsawa a cikinsa. Amma mu san halin da ƙasa take ciki ta fannin tsaro, mutum ya ga baƙon ƙarfe a saman soro da kwamfuta da asuba dole ya yi tunani. Ka sanar da maƙwabta da mai unguwa tun kafin ka kafa, ka kira su su ji da kunnensu. Kada ka kai kayan kusa da bariki ko filin jirgi, kuma ka tsaya a zangon FM, ban da leƙen maganar jami'ai.

In na ji babba, zan iya bin sa in tsinci dutsen? An ce da kuɗi.

Wanda kake ji a rediyo ya ƙone ƙurmus tun a sama, kuma yana can ɗaruruwan kilomita tsakaninka da tashar. Duwatsun da ke isowa ƙasa daban ne kuma ba kasafai ba. Akwai wanda ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina a 1962, mai nauyin kilo 18, daga baya aka tabbatar daga duniyar Mars yake. Akwai kuma wanda aka tsinta a jihar Agadas a 2023, kusan kilo 25, shi ma na Mars, aka yi gwanjonsa a Amurka a 2025 a kan fiye da dalar Amurka miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita daga ƙasa. Wannan ya taɓa ni sosai, abu ya faɗo a ƙasarmu ɗalibanmu ko ganinsa ba su yi ba. Amma rediyo ba zai kai ka wurin dutse ba.

Me zan yi da abin da na ƙirga?

Ka samu littafi. Kwanan wata, lamba, inda eriya ke kallo, da adadin da ka ji a kowace awa, kuma ka rubuta da agogon UTC, wato ka cire awa ɗaya daga agogon Nijar. Kada ka riƙa canza lamba da eriya kullum, in ka canza lissafin jiya da na yau ba za su haɗu ba. Bayan sati biyu za ka ga tudun asuba ya fito da kansa a cikin lambobinka, in zubi ya zo kuma ka ga ya yi tsalle. Akwai RMOB inda masu wannan aikin ke tura ƙirgarsu duk wata, da IMO, ƙungiyar masu bibiyar faɗuwar taurari ta duniya, kuma in ka duba za ka ga galibin masu turawa suna Turai da Japan da Amurka. Samanmu na Sahel yana buƙatar masu ƙirga, ko mutum uku ne a Zinder da Maraɗi da Agadas suka riƙe abin da gaske suna kwatanta littattafansu, aiki ne mai daraja.

Ban da faɗuwar taurari, me kuma ake iya ji daga sama?

Rana ita ce mafi sauƙi kuma kayan suna gidanka. Tsohuwar parabol tare da kan nan da ke gaban farantin yana karɓar sigina, da ƴar na'urar nan mai allura da masu saita parabol ke neman sigina da ita, ka ba ta wuta daga dikoda. Juya farantin wajen sama inda babu komai ka saita allurar ƙasa, sannan ka juya shi ga rana kana duba inuwar kan a tsakiyar faranti, ba ranar kake kallo da ido ba, za ka ga allura ta tashi. Juya shi ga bango ko ga mutum ma za ta motsa, domin duk abu mai ɗumi yana fitar da siginar rediyo. Yara suna son wannan sosai. Faranti mai ƙyalli dai kada a yi da shi, zai tara zafi ya narka kan.

Gaba da nan akwai duniyar Jupiter da ake ji wajen megahaz 20, hukumar NASA tana da shiri na ɗalibai a kai mai suna Radio JOVE, sai dai eriyarsa tana cin fili. Akwai kuma siginar iskar haidurojin a kan megahaz 1420 wadda ke fitowa daga gungun taurarinmu, wannan farin zanen da ke ratsa sama in ka kwana a ƙauye, RTL-SDR tana kama ta in an ƙara mata amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, da faranti. Karl Jansky ne ya fara jin amon wannan gungun a farkon shekarun 1930 yana neman abin da ke damun tarhon rediyo mai ratsa teku. Wanda ya ɗora a kai, Grote Reber, mai son rediyo ne kawai, a 1937 ya ƙera faranti mai faɗin mita 9 a bayan gidansu a Amurka da kuɗin aljihunsa, ya yi shekaru kusan shi kaɗai yana zana taswirar sama. Amma kafin haidurojin ka tabbata ka magance ƙarar gidanka kamar yadda na faɗa a sama, domin wannan siginar ta fi ta faɗuwar tauraro rauni nesa ba kusa ba.